Me ya sa mutane ke cewa gwamnati ce ke kai harin ta'addanci da kanta?

Wani ƙanina ya turo min tambaya, yace shi da mahaifinsa kullum sai sun yi musu, Baba ya kafe a kan cewa babu wani Boko Haram babu wani ɗan bindiga, duk gwamnati ce da Turawa ke shirya abinsu, har harin 11 ga Satumba na Amurka ma yace su suka kai wa kansu. Shine yake tambayata wai me ke sa mutum mai hankali, wanda yayi boko yayi aikin gwamnati har yayi ritaya, ya yarda da irin wannan magana.

Toh ƙanina, na kwashe shekaru ina bincike a kan rikicin nan, na zauna da mutane a Maiduguri da Damaturu da sansanonin 'yan gudun hijira, kuma abu na farko da zan ce maka shine ka daina yi wa Baba kallon wanda bai waye ba. Wallahi mafi yawan masu wannan maganar ba jahilai bane, mutane ne da aka yi wa ƙarya har suka gaji, kuma wanda maciji ya sara in yaga tsumma gudu yake. Sai dai duk da haka ban yarda da inda Baba ya tsaya ba, kuma zan gaya maka dalili.

Bari mu fara da abinda ya gani da idonsa. A ƙarshen watan Yulin 2009 sojoji suka kama Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, da ransa, aka ɗauke shi hoto, suka miƙa shi ga 'yan sanda, bayan 'yan awanni aka ce ya mutu wai yana ƙoƙarin gudu. Mutumin da shi kaɗai zai iya tsayawa gaban kotu ya faɗi waye ya bashi kuɗi, waye ya ɗaure masa gindi, waye yake belinsa duk sanda aka kama shi, an rufe bakinsa har abada. Kaga tun daga ranar aka buɗe ƙofar zargi, kuma har yau ba a rufe ta ba. Sannan a watan Janairun 2012 shugaban ƙasa Goodluck Jonathan da bakinsa yace akwai masu goyon bayan Boko Haram a cikin gwamnatinsa da majalisa da jami'an tsaro, kuma bai kama suna ko ɗaya ba. Da aka sace 'yan matan Chibok su 276 ranar 14 ga Afrilun 2014, kwana biyu bayan haka hedkwatar tsaro ta fito tace an ceto su saura takwas, iyayen yara suka ce ƙarya ne, dole aka janye maganar. A watan Oktoban 2014 aka sanar da tsagaita wuta da ba ta wanzu ba. Shi kuwa Shekau sau nawa aka ce an kashe shi, sai ya fito a bidiyo yana dariya, bai mutu ba sai 2021 kuma 'yan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga ƙungiyarsa, su ne suka ritsa shi ba soja ba. Ga maganar dala biliyan 2.1 na sayen makamai da ake tuhumar ofishin Sambo Dasuki, mai bai wa Jonathan shawara kan tsaro, da karkatarwa, alhali a Disambar 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda sun ƙi fita yaƙi, su kuma kukansu shine ba a basu makamin da zasu tunkari abokan gaba ba. Ga Rann a 2017 inda jirgin sojan sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, ga Tudun Biri a Disambar 2023 inda jirgi mara matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 suna Mauludi. Ko Janar T.Y. Danjuma, tsohon hafsan soja, a 2018 cewa yayi sojoji na haɗa baki da 'yan bindiga kowa ya kare kansa.

Yanzu dan Allah mutumin da yaga duk wannan, kazo kace masa ya yarda da sanarwar gwamnati, ai sai ya kalle ka kawai. Mutanen Nijar ma haka, bayan an kashe sojoji 71 a Inates a Disambar 2019 da wasu 89 a Chinagodrar wata ɗaya bayan nan, sai binciken kuɗi na ma'aikatar tsaro ya nuna biliyoyin sefa sun salwanta a kwangilar makamai. Idan hukuma ta saba ƙarya a ƙaramin abu, ranar da ta faɗi gaskiya a babban abu ba mai saurarenta.

Kuma a duniya ma an taɓa yin irin abinda Baba ke faɗa, bazan ɓoye maka ba. A 1954 leƙen asirin sojan Isra'ila ya sa wasu suka dasa bama-bamai a wuraren Amurka da Ingila a Masar don a ɗora wa Misirawa, asiri ya tonu. A 1962 manyan hafsoshin Amurka sun rubuta shiri na kai hare-haren bogi a ɗora wa Kuba don a sami hujjar yaƙi, gwamnatin Kennedy taƙi amincewa, takardun sun fito fili a 1997. A 2003 an mamaye Iraƙi da hujjar makaman ƙare dangi da ba a samu ba. Amma ka lura da wani abu a nan, duk waɗannan mun san su ne saboda an kama wani, ko takarda ta fito, ko wani na ciki yayi magana. Maƙarƙashiya ta gaske tana barin sawu.

Inda nake rabuwa da Baba kenan. Magana uku ce daban-daban mutane ke cakuɗawa su mayar da ita ɗaya. Akwai sakaci, wato an sani ko an samu labari ba a yi komai ba. Akwai cin riba, wato wasu a cikin hukuma na ci da rikicin, mai sayar da harsashi, mai cinye alawus ɗin ƙananan sojoji, mai kai wa 'yan daji mai da abinci, ɗan siyasan da ya raini 'yan daba don zaɓe. Sai kuma ta uku, cewa gwamnati ce ta zauna ta kitsa ƙungiyar, ita ke zaɓar kasuwar da za a tada bam, 'yan ta'addan ma ma'aikatanta ne. Ta farko da ta biyu hujjojinsu sun cika kwando. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty tace sojoji sun samu gargaɗi awa huɗu kafin harin Chibok. A Dapchi an janye sojoji daga garin kafin a kwashe 'yan mata 110 a 2018. Rundunar soja da kanta a 2016 ta amince cewa wasu jami'anta na sayar wa 'yan Boko Haram makamai. A Amurka ma ranar 6 ga Agustan 2001 an kai wa shugaba Bush rahoton leƙen asiri cewa Bin Laden ya ƙudurta kai hari cikin ƙasar, CIA da FBI kuma basu haɗa bayanan da ke hannunsu ba. Amma ta ukun fa, ita ce mutane ke tsallakawa su faɗa ba tare da tsani ba, a ɗauki hujjar sakaci a ce ai ga shaidar cewa su suka shirya.

Me yasa ake wannan tsallen? Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bincike a kai. Ɗaya daga cikin abinda suka gano shine zuciyar mutum na son girman dalili yayi daidai da girman musiba. A harin 11 ga Satumba, a ce mutum 19 da 'yan wuƙaƙen yankan kwali su kashe mutum kusan 3,000 a ƙasar da tafi kowa ƙarfin soja, zuciya bata karɓa, sai tace dole akwai babban hannu. Haka ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 a Kano, ina gari a ranar, ƙarar bam ta farko mun zaci tayar tirela ce ta fashe, kafin magariba hayaƙi ya rufe wajen hedkwatar 'yan sanda ta Zone 1, aka kashe mutum sama da 180. Washegarin da aka sassauta dokar hana fita na zauna a teburin mai shayin unguwarmu, wani dattijo direban tasha ya ajiye kofinsa yace, yaran da ko takalmin kirki basu da shi ne zasu yi wannan? Kowa ya gyaɗa kai. Na fahimce shi sarai. Amma gaskiya mai ɗaci itace kashe mutane ba shi da tsada, takin zamani da tukunyar gas da batir da yaro ɗaya da aka wanke wa ƙwaƙwalwa sun isa su tarwatsa tashar mota.

Akwai kuma maganar tsoro. Idan kace gwamnati ce ke yi, ko ba komai kana nufin akwai wanda ke riƙe da linzami, ranar da yaga dama zai tsayar, ko ranar da aka canza shugaba abin zai ƙare. Amma ka yarda cewa ƙasarka bata iya tsare hanyar Abuja zuwa Kaduna ba, har jirgin ƙasa aka tare a Maris 2022, har gidan yarin Kuje da ke bakin Abuja aka fasa a Yulin 2022, ba don wani shiri ba sai don rauni da cin hanci da rashin iya aiki, wannan yafi tada hankali nesa ba kusa ba. Mutane da yawa sun gwammace su yarda da muguwar gwamnati mai ƙarfi a kan su yarda cewa motar da suke ciki ba kowa a kan sitiyari.

Siyasa kuwa kada ma ka tambaya. A 2014 a Arewa cewa ake Jonathan ne ke yi don ya rage mana yawa kafin zaɓe, har gwamnan Adamawa na lokacin Murtala Nyako ya rubuta wa gwamnonin Arewa wasiƙa yana zargin gwamnatin tarayya da kisan ƙare dangi. A daidai wannan lokacin a Kudu cewa ake 'yan siyasar Arewa ne suka ƙirƙiri Boko Haram don su hana ɗan Neja Delta mulki, wasu ma suka ce ba a sace kowa a Chibok ba, wasan kwaikwayo ne, alhali iyaye na ta kuka a talbijin. Hari ɗaya, labari biyu masu karo da juna, kowa da tabbacinsa. Da Buhari ya hau a 2015 abin bai tsaya ba, sai labarin ya juya, waɗanda suka ce Jonathan ne suka yi shiru ko suka koma cewa Turawa ne, 'yan Kudu kuma suka ce Buhari ne ke ɗaure wa 'yan bindiga gindi. Kullum wanda baya kan mulki shi yafi ganin maƙarƙashiya, kuma masu bincike sun ga irin haka a Amurka tsakanin jam'iyyunsu biyu.

Amma dalilin da yafi kowanne zurfi a wajenmu, wanda na fi jin zafinsa, shine kunya. Sau nawa kaji ance ai Musulmi ba zai yi haka ba? Niyyar mai faɗa kyakkyawa ce, yana wanke addininsa ne, kuma gaskiya ne addini ya haramta. Sai dai daga addini bai yarda ba, sai a zarce a ce to ba namu bane, wasu ne aka ɗauko haya aka naɗa musu rawani. Alhali malamanmu sun san mutanen nan tun kafin a harba harsashi ɗaya. Marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yayi ta gargaɗi a kan aƙidarsu kafin a kashe shi a 2007, Malam Pantami yayi muƙabala da Muhammad Yusuf ido da ido kuma faifan na nan, Sheikh Albani Zariya yayi ta musu raddi har suka kashe shi da matarsa da ɗansa a 2014 kuma Shekau ya fito yace su ne. Kafin su ma anyi Maitatsine a Kano a 1980, mutum sama da 4,000 suka mutu, lokacin ba wanda yace Faransa ce. Yarda da cewa yaranmu ne, a unguwanninmu suka tashi, a masallatanmu aka ja su muna gani, yana da nauyi saboda yana jawo tambayar ina muke lokacin. Laifi tudu ne, hango na wani yafi sauƙi.

Wani abu da na lura da shi a aikin nan, duk yadda mutum ya kusanci wutar, haka yake rage yarda da labarin cewa ba wasu 'yan Boko Haram. A wani sansani a Maiduguri na zauna da wata baiwar Allah daga wajen Bama, tana tsince wake a faranti muna magana ta bakin tafinta, na tambaye ta su waye suka kashe mijinta. Bata ce gwamnati ba bata ce Turawa ba, sunan yaron ta faɗa min da sunan uwarsa, tace tare suke ɗibar ruwa da uwar, yaron ma ya sha cin tuwo a gidanta. Ita ɗin dai kuma ta bani labarin ƙaninta da sojoji suka kwashe a kamen unguwa ba a sake ganinsa ba. Duka biyun ta sani, bata cakuɗa su ba, kowa ta ajiye masa laifinsa. Haka 'yan kato da gora da suka tashi a 2013, ai ba da bayanan sirri suka kori 'yan ƙungiyar daga Maiduguri ba, sanin su suka yi gida-gida. Wanda ke zaune nesa, labarin na iso masa ta waya, shi ne yafi cewa duk shiri ne.

Maganar helikwafta da ake cewa yana sauke wa 'yan bindiga makamai, na bi ta iya ƙarfina a Zamfara da Katsina. Waɗanda suka ga jirgi na shawagi ko ya sauka a daji na same su da yawa, ai jiragen soja na aiki a wajen. Amma da na ce waye yaga ana sauke akwatin bindiga ana miƙa wa 'yan daji, sai ace wani ɗan garin gaba ne ya gani, in naje garin gaba sai a tura ni na gaba. Da gwamnati ta hana shawagin jirage a Zamfara a Maris 2021 ba tare da cikakken bayani ba, sai mutane suka ce kaga, biri yayi kama da mutum. Alhali hanyar makaman ba ɓoyayya bace, tun faɗuwar Gaddafi a 2011 suke kwararowa ta Sahara, ga waɗanda ake kwasa duk sanda aka ci sansanin soja irin su Baga da Metele, ga rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa da yace bindigogin 'yan sanda sama da 170,000 ba a san inda suke ba, ga kuɗin fansa da muke haɗawa da hannunmu. Mai waɗannan hanyoyin baya jiran helikwafta.

Faransa kuma tana da tarihin da ya isa a tsane ta, mulkin mallaka, yuraniyom ɗin Arlit, ɗaure wa shugabannin kama-karya gindi, ga harin da jirginta ya kai Bounti a Mali a 2021 wanda Majalisar Ɗinkin Duniya tace farar hula 19 ya kashe a wajen biki. Shi yasa da Janar Tiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ya fito da Hausa a Disambar 2024 yana zarginta da haɗa baki da 'yan ta'adda har ya sako Najeriya a ciki, miliyoyi suka karɓa hannu biyu. Amma sojojin Faransa sun bar Mali a 2022, sun bar Burkina Faso da Nijar a 2023, kuma kashe-kashen bai tsaya ba. Ka lura kuma a nan gwamnati ce da kanta ke yaɗa labarin maƙarƙashiyar, don yana ɗauke mata tambayar me yasa ta kasa.

Abinda ke damuna kenan da tsayuwar Baba. Yana ganin kamar yana tuhumar gwamnati ne, amma a aikace sauƙi yake mata. Idan kace wane kwamanda ne ya janye sojoji daga Dapchi kuma da umarnin wa, wannan tambaya ce mai amsa, akwai suna akwai takarda, ana iya kai mutum kotu. Idan kace duk su ne ke yi, shikenan ba wanda za a kama, sai a ce Allah ya isa a tashi. Sannan maganar na wanke wanda ya ja kunamar bindigar, tana kuma sa mutum yaƙi kai rahoton baƙon fuskar da ya gani a unguwa tunda a ganinsa wanda zai kai wa rahoton shi ne mai abin. Uwa uba tana ƙona zuciyar waɗanda abin ya shafa, ka tuna iyayen Chibok da aka ce musu 'ya'yansu ba a sace su ba.

Game da 11 ga Satumba da yake kawowa, Bin Laden da kansa ya ɗauki alhaki a bidiyon 2004, maharan 19 an san sunayensu, 15 'yan Saudiyya ne, kuma labarin cewa Yahudawa 4,000 basu je aiki ba ranar ƙarya ce tsagwaronta, ɗaruruwansu na cikin mamatan. Cewa Amurka tayi amfani da harin ta afka wa Iraƙi da hujjar ƙarya, wannan gaskiya ne, amma cin moriyar abu daban, shirya shi daban.

In zaka zauna da Baba, kar ka fara da ce masa ƙarya ne, mahaifi ne kuma rabin abinda yake faɗa gaskiya ne. Ka fara da inda kuka haɗu, kace Baba maganar kuɗin makamai gaskiyarka ne, maganar Tudun Biri gaskiyarka ne. Sannan cikin ladabi ka tambaye shi, Baba gwamnati huɗu aka yi tun 2009, 'Yar'aduwa da Jonathan da Buhari da Tinubu, jam'iyyu biyu da basa ga maciji da juna, wacce ce a ciki ke shiryawa, kuma me ya hana wadda ta gaje ta tona mata asiri? Sojojin da ake binnewa a maƙabartar barikin Maimalari da ke Maiduguri fa, da kuma manyan hafsoshi irin su Laftanar Kanar Abu Ali da aka kashe a Malam Fatori a 2016, su waye suka kashe su? Kar ka matsa sai ya baka amsa a take. In akwai wani ɗan Borno ko Yobe a unguwarku da gudun hijira ya kawo, ka gayyato shi gida cin abinci wata rana bayan isha'i, ka bari su yi hira da Baba su biyu.